Farfesa Abdou Moumouni Dioffo: masanin da ya ɗaga kai ya dubi rana lokacin da idon kowa ke kan uraniyom

Duk ɗan Arlit ko Akokan da ya ci jarrabawar bak ya nufi Yamai karatu, sunan da zai fara cin karo da shi a ƙofar jami'a shi ne Abdou Moumouni. Sunan na kan takardun rajista, yana kan shaidar kammala karatu, yana bakin direbobin taksi da ke tsallaka gadar Kennedy. Sai dai ba kowa ne ya san mai sunan ba, ko irin aikin da ya ƙarar da rayuwarsa a kai.

A shekarar 1969 abubuwa biyu sun faru a Nijar. A arewa, cikin hamada, an dasa harsashin garin Arlit domin ma'aikatan kamfanin Somaïr da aka kafa a 1968. A Yamai kuwa, wani malamin kimiyya ɗan shekara 40 ya dawo gida daga Bamako, aka damƙa masa shugabancin ofishin makamashin hasken rana na ƙasa, wato ONERSOL. Aikin farko ya samu jari na miliyoyi daga Faransa da sauran ƙasashen Turai. Na biyun ya rayu ne da ɗan abin da kasafin gwamnati ya ware masa da kuma tallafin da shugabansa ke iya samowa daga waje. Tarihin Abdou Moumouni Dioffo tarihi ne na wannan aiki na biyu, da kuma tambayar da har yau ba a gama amsa ta ba: wa zai biya kuɗin binciken kimiyya a ƙasar da ke sayar da arzikinta ɗanye?

Daga Tasawa zuwa Paris

An haifi Abdou Moumouni ranar 26 ga watan Yuni na 1929 a Tasawa, cikin jihar Maraɗi ta yanzu. Asalin gidansu Zabarmawa ne, daga gidan sarautar Kirtachi da ke bakin kogin Kwara, kudu da Yamai. Ya yi karatun firamare a Damagaram da Yamai, a zamanin da yaran da ke shiga makarantar boko a duk faɗin Nijar ba su taka kara sun karya ba, kuma babu makarantar sakandare cikakkiya ko ɗaya a ƙasar.

Wanda ya yi fice a wancan lokaci, hanyarsa ɗaya ce: Senegal. A 1944 aka tura shi makarantar William Ponty da ke Sébikotane kusa da Dakar, inda Turawan mulkin mallaka ke horar da malaman makaranta da akawuna na yankin Afirka ta Yamma. A wannan makaranta ne Diori Hamani da Modibo Keïta suka yi karatu kafin shi, tun ba a mayar da ita Sébikotane ba. Ga mafi yawan ɗalibai, Ponty ita ce ƙarshen tafiya. Shi kuwa ya wuce lise ta Van Vollenhoven a Dakar ya samu bak, daga nan ya tafi Paris, ya shiga jami'a sashen kimiyyar fizik, ilimin da ke nazarin haske, zafi, lantarki da motsin abubuwa.

Ya samu digirin farko a 1953. A 1956 ya ci jarrabawar agrégation, wadda ita ce gasa mafi tsauri ta ɗaukar malamai a tsarin Faransa, inda ake ware guraben da ba su da yawa, ɗaruruwa su zauna, kaɗan su tsallake. Shi ne ɗan Afirka baƙar fata na farko daga ƙasashen da Faransa ke mulka da ya ci ta a fannin fizik. Da wannan takarda a hannu, zai iya zama a Faransa ya yi aiki har ritaya cikin kwanciyar hankali. Sai ya tattara ya koma Dakar, ya riƙi alli a makarantar da ya yi ɗalibta.

Malami kuma ɗan gwagwarmaya

Tun yana ɗalibi a Paris yana cikin waɗanda suka kafa FEANF, ƙungiyar ɗaliban Afirka da ke Faransa, wadda ta zama makarantar siyasa ga matasa masu neman ƴancin kai. Yana kuma cikin ƴan farko na jam'iyyar PAI da aka kafa a Thiès a 1957, wadda ta fito fili ta nemi ƴanci nan take a lokacin da manyan ƴan siyasa ke maganar zama ƙarƙashin inuwar Faransa.

Ranar 28 ga Satumba 1958 aka yi ƙuri'ar raba gardama ta Janar de Gaulle. A Nijar, Djibo Bakary da jam'iyyar Sawaba sun yi kira a ce a'a, suka sha kaye. A Gini kuwa a'a ce ta yi nasara, Faransa ta kwashe malamanta da likitocinta da ma'aikatanta cikin ƴan makonni. Wasu ƴan boko na Afirka suka bar guraben aikinsu suka tafi Conakry domin kada makarantu su rufe. Abdou Moumouni na cikinsu, tare da masanin tarihi Joseph Ki-Zerbo na Haute-Volta, Burkina Faso ta yanzu. Ya koyar a lise ta Donka, sannan a 1959 ya dawo Yamai ya koyar a kwaleji har 1961.

Daga 1962 zuwa 1964 ya zauna a Tarayyar Sobiyet da tallafin karatu na cibiyar kimiyya ta ƙasar, inda ya duƙufa kan makamashin hasken rana. Wannan tallafi shi ya sauya alƙiblar rayuwarsa, daga malamin aji zuwa mai bincike.

A 1964 ya wallafa littafinsa L'Éducation en Afrique a gidan ɗab'in Maspero da ke Paris, wanda daga baya aka fassara zuwa Ingilishi. A ciki ya bi diddigin tarbiyyar gargajiya ta Afirka, ya nuna yadda makarantar mulkin mallaka ta kasance injin samar da ƙananan ma'aikata, ya kuma ba da shawarar a koyar da yara da harsunansu na gida, a haɗa karatu da aikin hannu da bukatun tattalin arzikin ƙasa. A shekarar ce kuma ya fitar da dogon rubutu a mujallar Présence Africaine kan amfanin hasken rana ga ƙasashen Afirka. A lokacin gangar man fetur ba ta kai dala uku ba, kuma ba kasafai ake samun mai sauraron irin wannan magana ba.

Mali ta Modibo Keïta ce ta fara ba shi wurin aiki. Daga 1964 zuwa 1969 ya jagoranci ɗakin gwajin makamashin rana na Bamako, yana kuma koyarwa a babbar makarantar horar da malamai ta birnin. A tsakanin nan ne, a 1967, ya kare babban digirinsa na dakta a Paris. An kifar da gwamnatin Modibo Keïta a Nuwamban 1968, a shekarar da ta biyo baya ya dawo gida.

Abin da aka ƙera a ONERSOL

An kafa ONERSOL a 1965, shekaru biyar bayan samun ƴancin kai, kuma yana cikin cibiyoyin farko irinsa a Afirka. Abdou Moumouni ya shugabance shi daga 1969 zuwa 1985. Lissafinsa mai sauƙi ne. Nijar ba ta da teku, duk litar man da ta shigo sai ta yi doguwar tafiya daga tashar jiragen ruwa. Mafi yawan gidaje da itace suke girki, dazuzzuka na ƙarewa, hamada na matsowa. Rana kuwa tana nan kusan kullum, daga Gaya har Bilma, babu mai sayar da ita, babu mai hana ta.

Ya ƙi tsayawa a kan takarda. Ya so kowane bincike ya ƙare da abin da maƙeri ko mai walda na gida zai iya haɗawa ya kuma gyara. Akwai na'urar dumama ruwa: faranti baƙi cikin akwati mai murfin gilashi, da bututai a jikinsa, ruwan da ya yi zafi yakan yi sama da kansa zuwa tanki, mai sanyi ya sauko, ba tare da famfo ko wuta ba. Akwai matatar ruwa, inda rana ke tayar da tururi daga ruwa mai gishiri ko datti, tururin ya taru a jikin gilashi ya gangaro tsarkakakke, irin wanda asibiti da batirin mota ke bukata. Akwai akwatin busar da nama, albasa da tumatir, mai kare su daga ƙuda da ƙura. Akwai kuma murhu mai siffar babban kwano mai ƙyalli, wanda ke tara haske wuri ɗaya a ƙarƙashin tukunya.

Babban burinsa shi ne inji. Tare da kamfanin Spilling na birnin Hamburg a Jamus, ONERSOL ya yi aiki kan injin da zafin rana ke tafasa wani ruwa a cikinsa, tururin ya tura fistan, fistan ya juya famfon ban ruwa ko janareta. Ga ƙasar da fari ya ɗaiɗaita a 1973 da 1974, injin da zai ɗebo ruwa daga kogi ko rijiya ba tare da gazuwal ba magana ce ta rai da mutuwa.

Ba komai ne ya karɓu ba. Murhun rana ya yi karo da yadda ake girki a gidajenmu: tuwon dare ana tuƙa shi ne bayan rana ta yi sanyi, kuma babu macen da za ta so tsayuwa cikin garjin azahar tana juya madubi. Na'urar dumama ruwa ta fi samun kasuwa, amma a otal-otal, asibitoci da gidajen masu hali. Gilashi da alminiyom daga waje ake sayo su, don haka farashin ya fi ƙarfin talaka, kuma babu wani tsarin bashi da zai sa ya saya ya biya sannu a hankali.

Ƙofofi uku na kuɗi

Cibiyar bincike irin ONERSOL ƙofofi uku take da su na samun kuɗi. Ta farko kasafin gwamnati, wanda ke biyan albashi da gini da wuta da ruwa. Ta biyu tallafin waje, daga ƙasashe abokan hulɗa da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ta uku cinikin abin da aka ƙera. Kowace da tata matsalar. Kasafin gwamnati yana bin farashin abin da ƙasa ke sayarwa. Tallafin waje yakan zo da wa'adi na shekara biyu ko uku, da sharaɗin a sayi kayan aiki daga ƙasar da ta bayar, kuma mai bayarwa ne ke zaɓen abin da za a bincika. Idan wa'adi ya cika, injin ya lalace, babu kuɗin sayen kayan gyara. Ciniki kuma yana bukatar masu saye.

A shekarun 1970 ƙofofin biyu na farko sun buɗe a lokaci guda. Rikicin mai na 1973 ya ninka farashin ganga kusan sau huɗu, ƙasashen Turai da Amurka suka fara zuba kuɗi a binciken makamashin rana. A watan Yulin shekarar hukumar UNESCO ta shirya babban taron duniya a Paris kan amfanin rana ga ɗan Adam, kuma masanin na Nijar ya zama ɗaya daga cikin muryoyin Afirka da ake saurare a irin waɗannan taruka.

Rikicin man ne kuma ya sa Faransa ta rungumi tashoshin nukiliya gadan-gadan, farashin uraniyom ya tashi har ya haura dala 40 a kowace laba. Somaïr ya fara fitar da ƙarfe a 1971. An kafa Cominak a 1974, ramin Akouta ya fara aiki a 1978, garin Akokan ya tsiro kusa da Arlit. Zuwa 1980 uraniyom ya kai fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da Nijar ke samu daga kayan da take fitarwa, a 1981 kuma abin da aka haƙo ya wuce tan 4,000. Gwamnatin Seyni Kountché, da ta hau mulki ranar 15 ga Afrilun 1974, ta shimfiɗa kwaltar Tawa zuwa Arlit, ta gina otal ɗin Gaweye da babban zauren taro na Yamai, ta buɗe makarantar ma'adinai ta EMAÏR a Agadas. A waɗannan shekaru ne ONERSOL ya buɗe sashen ƙera kaya don sayarwa, ya kuma samu sabon gini a Yamai wanda mai zanen gine-gine László Mester de Parajd ya tsara ta yadda iska za ta riƙa ratsa shi tana rage zafi.

Gawayin Anou Araren

Ga mutanen arewa, akwai wani abin lura. Ma'adinan Arlit da Akouta suna cikin wuraren da suka fi ko'ina samun rana a duniya, amma da aka tashi ba su wuta, gawayin ƙasa aka zaɓa. An kafa Sonichar a 1975, tashar Anou Araren kusa da Cirozerin ta fara aiki a 1981, tana ba kamfanonin biyu da garuruwan Arlit, Akokan, Agadas da Cirozerin lantarki. A kudu kuma, tun 1976 aka jawo layin wuta daga Birnin Kebbi zuwa Yamai.

In za a yi adalci, babu wata fasahar rana a wancan zamani da za ta iya riƙe masana'antar niƙa dutse dare da rana. Injin ONERSOL na ƴan kilowat ne, ma'adinai kuwa dubban kilowat suke sha. Amma zaɓin ya nuna inda manyan kuɗi suka nufa. Binciken da ya shafi uraniyom kansa, tun daga gano shi a Azelik a 1957 har zuwa tace shi da sarrafa shi ya zama makamashin tashoshin nukiliya, a ɗakunan gwajin Faransa ake yin sa da kuɗin Faransa. Nijar na ba da dutse da hannuwa. Fannin da ɗan ƙasa ke jagorantar bincikensa tun daga tunani har zuwa ƙira, shi ne na rana, kuma shi ne ke da ƙaramin kaso.

Shugabancin jami'a da juyawar zamani

Jami'ar Yamai ta faro a 1971 a matsayin cibiyar karatu mai zurfi, ta zama jami'a a 1973, ƙarƙashin masanin lissafi Boubakar Ba. Abdou Moumouni ya koyar da fizik a can, kuma a 1979 aka naɗa shi shugabanta, yana riƙe da ONERSOL a lokaci guda. A watan Afrilun 1980 shugabannin Afirka suka amince da tsarin Legas, wanda ya nemi kowace ƙasa ta kai ga ware kashi 1 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara domin kimiyya da fasaha. Wannan shi ne abin da ya daɗe yana kira a yi.

Amma alƙawarin ya zo daidai lokacin da tukunya ta fara hucewa. Hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka a 1979 ya sa aka soke gina tashoshi da dama, uraniyom ya yi kwantai, farashi ya dinga sauka har ya faɗo ƙasa da dala 10 a ƙarshen shekarun 1980. Bashin da aka ci a shekarun yalwa ya zo biya. A 1983 Nijar ta shiga yarjejeniya da Asusun Lamuni na Duniya, a 1984 fari ya sake afkawa ƙasar, daga baya shirin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya ya biyo. A irin wannan hali, albashi da kuɗin alawus na ɗalibai ne ke cinye ɗan abin da jami'a ta samu, kuɗin bincike shi ake fara yankewa domin ba ya zanga-zanga.

Ƙofar waje ita ma ta rufe. A 1986 farashin mai ya rushe, ƙasashen da suka yi ɗokin makamashin rana suka janye kuɗinsu. Fasahar ma ta sauya hanya: allunan sola masu mayar da haske lantarki kai tsaye, waɗanda ba su da fistan ko wani abu mai motsi da zai lalace, suka fara kore injinan tururi. Su kuwa ƙera su na bukatar masana'antar da babu ita a Afirka. Abdou Moumouni ya bar shugabancin jami'a a farkon shekarun 1980, ya bar ONERSOL a 1985, ya ci gaba da koyarwa da duba ayyukan ɗalibai. A waje darajarsa ba ta ragu ba.

Ya ga ranar 9 ga Fabrairun 1990, lokacin da ɗalibai suka fito kan matakan tsuke bakin aljihu a fannin ilimi, aka kashe uku a gadar Kennedy. Ya rasu a Yamai ranar 7 ga Afrilun 1991, yana da shekara 61, watanni kaɗan kafin buɗe babban taron ƙasa. An yi masa sutura a Kirtachi. A 1992 aka sa wa jami'ar Yamai sunansa.

Abin da ya bari

ONERSOL ya sauya suna zuwa CNES, daga baya ya koma ANERSOL. Ranar 7 ga Afrilu ta zama ranar makamashi mai sabuntuwa ta ƙasa, domin tunawa da shi. Ɗaliban da ya horar sun koyar da wasu, a Yamai da sauran jami'o'in da aka buɗe daga baya, har da ta Agadas da aka kafa a 2014.

Lokaci kuma ya gaskata lissafinsa. Ranar 31 ga Maris 2021 Cominak ya rufe bayan shekara 43 yana aiki, ma'aikata kusan 600 suka rasa gurbinsu, ban da na ƙananan kamfanonin da ke rataye da shi, kuma mutanen Akokan sun fi kowa sanin abin da hakan ya jawo wa kasuwa da gidajen haya. Bayan da Najeriya ta yanke wutar da ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta a watan Agustan 2023, tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta kasance cikin abin da ya rage wa Yamai duhu daga baya. Kafin ita akwai ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018. A yau allunan sola na kan rufin shaguna a Arlit, suna ɗebo ruwa a lambunan Aïr, suna cajin waya a wuraren haƙar zinariya.

Sai dai kusan dukkansu daga waje ake shigo da su, yawanci daga Sin, kuma manyan tashoshin da tallafi da bashin waje aka gina su. Nijar na amfani da rana kamar yadda ya yi hasashe, amma a matsayin mai saye. Shi abin da ya nema shi ne ƙasar ta zama mai ƙira.

Yanzu da ake sake zama kan wanda ya mallaki uraniyom ɗin Arlit da yadda za a raba kuɗinsa, rayuwar Abdou Moumouni na tunatar da cewa an taɓa samun yalwa sau ɗaya, aka yi hanyoyi da gine-gine, amma ba a ajiye wa bincike wani kaso tabbatacce da zai tsira idan farashi ya faɗi ba. Rami komai zurfinsa yana da ƙarshe, Akouta shaida ne. Abin da za a zuba a ɗakunan gwajin jami'ar Agadas, da EMAÏR, da EMIG ta Yamai, shi zai nuna ko ƴaƴan ma'aikatan ma'adinai za su samu sana'ar da za ta riƙe su bayan motar ƙarshe ta bar Arlit da kaya.

Allah ya jiƙan Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, ya sa aljanna ce makomarsa.